Bayan Ɗaya

A kwanar layinmu, unguwar kudu ta Montevideo,
ranar Lahadi da la'asar sakaliya,
maza sun cinna wa tsofaffin jaridu wuta,
sun jera ganguna suna jin ɗumi,
fata na miƙewa, tana gyaran murya.

Kakana Eleuterio ya ɗauko 'yar autarsu,
wadda ake kira ciko,
ya rataya mini.
Shekarata tara. Igiyar ta ci mini kafaɗa.

Ya ce, "Ƙirga huɗu."
Na ƙirga, na sauke hannu a kan ɗaya
da iya ƙarfina, irin na mai neman yabo.
Ya kama tsintsiyar hannuna.
"Ɗaya ba taki ba ce, Zulma.
Ɗaya tana da masu ita.
Bar ta ta wuce, ki shigo a bayanta."

Na ce ai ɗaya ce babba,
a kanta ƙafa ke sauka,
a kanta sojoji ke maci ranar biki,
malamarmu ma a kanta take tafa mana.
Ya yi dariya har haƙorinsa na azurfa ya leƙo.
"Shi ya sa ba ta bukatarki."

Wata uku ina faɗawa rami guda.
Da babbar ganga ta yi gurnani
sai hannuna ya bi ta a guje
kamar kwikwiyo a bayan keken mai burodi.
Na yi kuka, na jefar da makaɗi cikin kwata.
Ya sa na shiga na ɗauko,
na wanke shi a famfon tsakar gida
maƙwabta na kallo ta saman igiyar shanya.

Rannan da sassafe ya ce in raka shi bakin ruwa.
Ƙafarsa ta hagu,
tun da sarƙar jirgi ta murƙushe ta a tasha,
ba ta ƙara isowa a kan lokaci ba.
Dama ta taka, daram.
Hagu ta biyo a makare tana jan takalmi,
sanda ta ce ƙwas.
Bai ce kome ba, ni ma haka.
Daram, shuu, ƙwas.
Daram, shuu, ƙwas.
Muna gifta mai sayar da kifi
na ji kafaɗata tana motsi da kanta,
kuma ba lafiyayyar ƙafar take bi ba,
gurguwar take bi.

Lahadin da ta zo na rataya ciko.
Ɗaya ta taso, na kauce mata kamar mota,
sannan tafi, makaɗi, makaɗi,
numfashi,
tafi, makaɗi, makaɗi.
Ganguna arba'in suka ɗauki hanya,
gilasan tagogi na ɓari,
wata tsohuwa mai mafici da dogon siket
ta jefa ƙugu daidai inda na buga,
wurin da ba kowa a tsaye,
ta waiwayo ta kashe mini ido.
Yatsuna sun fashe, jini ya ɓata fata,
ban sani ba sai a ƙarshen layi.

Bana shekara shida da muka rufe shi.
Yaran layi yanzu a hannuna suke,
cikinsu har da Ulises, ɗan mai gyaran takalma,
wanda ke dukan ɗaya kamar ta ci masa bashi.
Nakan kama tsintsiyar hannunsa,
yakan fizge.

Jiya muna jiran jarida ta kama wuta ya ce,
"Wai me ke cikin gurbin nan da muke bari?"
Na ce ba kome, rataya gangarka.

Ban gaya masa ba
a nan tsoho ke sauke ƙafar dama,
ni kuma har yau ina biye da shi,
a makare.